Dabbar Kiwo a Cikin Na'ura: Wane Wasa Ya Cancanci a Ba Yaro a Zangon Kumasi?

Duk wanda ya ratsa gidajen Aboabo ko Asawase da yamma, bayan yara sun taso daga makaranta, zai iske su sun haɗa kai a kan wayar uwa ko ta yayansu, kuma sau da yawa abin da ya ɗauke musu hankali wata 'yar dabba ce da ke cikin allon wayar, wadda ake ba abinci, a yi mata wanka, a kashe mata fitila ta yi barci. Iyaye kan ɗauki irin waɗannan wasanni a matsayin abu guda, domin a ido duk kamarsu ɗaya. Amma a ƙarƙashin hoton akwai bambanci mai nisa, kuma wannan bambanci ne ya kamata ya jagoranci wanda zai kashe sidinsa, ko ya ba da aron wayarsa, ko ya ware wa yaro sa'a guda a kan kwamfutar gida. Da tambayoyi biyu nake auna kowane wasa: me ke gudana a jikin dabbar a lokacin da ba a taɓa ta ba, kuma idan ta haihu, me ɗanta yake gada daga gare ta? Wasan da ke da amsa mai zurfi ga waɗannan tambayoyi yana nuna wa yaro yadda dalili ke haifar da sakamako a jikin mai rai, wanda kuwa ba shi da amsa, iyakarsa ya saba masa da danna maɓalli a kan lokaci.

Fannin ilimin da waɗannan wasanni suka ɗebo daga gare shi ya kafu sosai a 1987, lokacin da masani Christopher Langton ya tara masu bincike a Los Alamos ta ƙasar Amurka domin a tattauna yadda za a kwaikwayi halayen masu rai a cikin kwamfuta. Manufarsu ita ce a rubuta ƙananan dokoki, a bar su su yi aiki tare, sannan a ga ko neman abinci da gudun haɗari da koyo da gado za su ɓullo da kansu ba tare da an tsara kowannensu daki-daki ba. Akwai abin da ya kamata a faɗa a fili tun da wuri, domin na san yana zuwa a zuciyar iyaye Musulmi: babu rai a cikin ko ɗaya daga cikin waɗannan dabbobi. Lissafi ne ake nuna sakamakonsa da hoto, kuma abin da muke kwatantawa shi ne zurfin lissafin da kusancinsa da abin da malamin kimiyya ke koyarwa a aji.

Tamagotchi ne ya fi kowanne suna. Kamfanin Bandai na Japan ya fitar da shi a watan Nuwamba na 1996, bisa aikin Aki Maita da Akihiro Yokoi, ya isa Amurka da Turai a 1997, kuma tun daga lokacin an sayar da fiye da miliyan 80. 'Yar na'ura ce mai siffar ƙwai, mai maɓallai uku, wadda ake ratayawa a jikin makulli. Ƙwai ya ƙyanƙyashe a allo, jariri ya fito, sai a shiga ciyar da shi, da share masa kashi, da ba shi magani, da tsawatar masa idan ya yi kira babu dalili. A cikinsa akwai ma'aunin yunwa mai zukata huɗu da ma'aunin farin ciki mai zukata huɗu, kuma agogo yana rage su a hankali. Idan ya yi kira aka ƙyale shi, na'urar tana ƙirga wannan sakaci, kuma irin kulawar da ya samu ita ke yanke wace siffa zai ɗauka idan ya girma, daga cikin 'yan siffofin da aka riga aka zana. Abincin da aka ba shi ba ya narkewa ya zama komai, lamba kawai yake ƙarawa, haka kuma ciwonsa ba shi da ƙwayar cutar da ta jawo shi.

Duk da haka ba na raina shi, domin yana da wata nagarta da manyan wasanni ba su da ita: yana tafiya da agogon gaske, ba ya jiran kowa, kuma sakaci yana kashe shi. Yaro ɗan shekara bakwai ko takwas da ya riƙe shi zai gane cewa abin da aka ɗauki nauyinsa yana da haƙƙi ko ana sha'awar wasa ko ba a sha'awa. Ga shi babu talla, ba ya cin data, kuma yana raba yaro da wayar manya. Aibinsa daga nagartarsa ya fito, domin yakan yi kira ana tsakiyar darasi ko ana karatun allo, abin da ya sa makarantu da yawa a ƙasashen waje suka hana shiga da shi tun 1997. Samfuran baya sun ƙara abubuwa: na 2004 ya ba na'urori biyu damar gaisawa har dabbobinsu su yi aure, na 2019 ya sa ɗa yana ɗaukar wani sashe na kamannin uwa da wani na uba, na 2023 kuma ya zo da Wi-Fi da batir mai caji. Sai dai gadon da ke ciki na kamanni ne kawai. Na ainihi daga waje ake kawo shi kuma yana da tsada, don haka wanda ya ga mai araha sosai a wurin masu kayan wasan yara ya duba sunan Bandai a jikin kwalin kafin ya biya.

Waɗanda suka fi yawa a wayoyin zango su ne Pou, wanda Paul Salameh ɗan Lebanon ya fitar a 2012, da My Talking Tom na kamfanin Outfit7 da aka kafa a Slobeniya, wanda ya fito a 2013. Tsarinsu na Tamagotchi ne, ma'aunin yunwa da tsabta da barci da nishaɗi, amma an cire mutuwa, an ƙara tsabar kuɗin wasa da kanti. Idan aka bar dabbar ta daɗe babu kulawa za a iske ta da datti da ɓacin rai, ba ta mutu ba, kuma cikin 'yan mintuna za a iya mayar da ita yadda take. Da aka cire sakamakon sakaci, abin da ya rage shi ne tara tsaba domin sayen hula da riga da fentin ɗaki, kuma hanya mafi sauri ta samun tsabar ita ce kallon talla ko biyan kuɗin gaske. A nan ne kalmar kyauta take yaudarar iyaye, domin tallan bidiyo yana cin data, wani lokaci yana nuna wa yaro abin da ba a zaɓa masa ba, kuma idan an haɗa wayar da wata hanyar biya, ɗan yatsa guda na iya kashe kuɗin cefane. A ma'aunina waɗannan biyu su ne mafi rauni: babu jiki, babu gado, babu ko tarbiyyar agogo da Tamagotchi ke bayarwa. Wanda ba shi da wani zaɓi sai su, ya kashe data kafin ya miƙa wayar, ya kuma sa kalmar sirri a kan saye.

Akwai rukuni na tsakiya da ya ƙware wajen kwaikwayon hali. Kamfanin PF Magic na San Francisco ya fitar da Dogz a 1995 da Catz a 1996, dabbobin da ke yawo a allon kwamfuta, suna bin linzami, suna sabawa da shafa da tsawa, kuma daga 1998 aka ba su damar haihuwa, ɗa ya haɗa launi da siffa da wasu halaye na iyayensa. Ba sa mutuwa, amma wanda aka wulaƙanta yakan gudu. Nintendogs kuma ya fito a 2005 a kan Nintendo DS, wata na'urar wasa ta hannu, aka sayar da kusan miliyan 24, kuma ƙarfinsa shi ne shafa ta allo da kira da murya, domin yana naɗar sautin mai shi ne, saboda haka ana iya horar da kwikwiyo da umarnin Hausa. Kwikwiyon ba ya girma, ba ya haihuwa, ba ya tsufa. Waɗannan wasanni suna da daɗin mu'amala, amma an daina ƙera na'urorin DS da 3DS, tsofaffin Petz kuma ba a cika samunsu ba yanzu. Ga kuma gidaje da yawa a zango da ba sa son yaro ya shaƙu da kare ko da na hoto ne, waɗanda kyanwar Catz za ta fi kwanta musu a rai.

Wasan da ya ɗauki tambayoyin nan biyu da gaske shi ne Creatures, wanda Steve Grand ya tsara a kamfanin Millennium Interactive na Kambirij ta Ingila, ya fito a 1996, shekarar da Tamagotchi ya fito. Dabbobinsa ana kiransu Norn, ƙanana ne masu gashi da manyan idanu, suna zaune a wata duniya mai suna Albia mai lambuna da koguna da na'urorin hawa da sauka. Mai wasa ba ya tuƙa su. Hannu kawai yake da shi a cikin duniyar, da shi yake ɗauko abinci, ya nuna abu, ya shafa ko ya mara, kuma Norn ne da kansa yake yanke abin da zai yi.

Yana yanke shi ne da ƙwaƙwalwa ta lissafi mai ƙwayoyi kimanin 1,000 da aka kasa sassa tara, da mahaɗai wajen 5,000 a tsakaninsu. Wani sashe yana karɓar abin da aka gani, wani yana zaɓar abin da za a mai da hankali a kai, wani yana haɗa yanayi da abin da aka taɓa fuskanta, wani kuma yana zaɓar aiki. A gefe guda akwai jini na lissafi mai gurbin sinadarai 256, kowanne da saurin da yake ƙarewa da kuma dokar haɗuwarsa da wani. Yunwa sinadari ce da ke taruwa, haka gajiya da tsoro da zafi da kaɗaici da gundura. Idan Norn mai jin yunwa ya ci karas, sitaci ya shiga jikinsa ya koma sukari, rarar ta tafi ajiya, sinadarin yunwa ya ragu, kuma wannan raguwa tana haifar da sinadarin lada, wanda ke ƙarfafa mahaɗan ƙwaƙwalwar da suka yi aiki a daidai wannan lokaci. Ta haka yake gane cewa cin abinci yana maganin abin da ke damunsa. Shafar mai wasa ma lada take saki, mari kuma horo, kuma a nan akwai darasin da na fi so a cikin wasan gaba ɗaya: wanda ya shafi Norn a lokacin da yake wasa da abin hawa alhali yunwa na cinsa, ya koya masa cewa wasa da abin hawa shi ne daidai, kuma zai sha wahala kafin ya gyara wannan tarbiyya. Yaron da ya ga haka sau biyu zai fara lura da lokacin da yake yaba abu, ba yabon kaɗai ba.

Ana koya musu magana ta 'yan kalmomi, aiki da abin da za a yi wa aikin. Akwai na'urar koyarwa a cikin duniyar, amma sunayen abubuwa ana iya rubuta su da hannu yayin da Norn ke kallon abin, kuma duk kalmar da aka rubuta ita zai riƙe, saboda haka babu abin da zai hana yaro ya koya masa cewa wannan abinci ne, wancan ƙwallo ne. Ciwo ma yana da asali. Akwai ƙwayoyin cuta da ke shiga jiki, jikin ya samar da garkuwa a kansu, zazzaɓi da tari da atishawa su bayyana, kuma atishawar tana yaɗa cutar ga na kusa. Akwai tsirrai masu guba, akwai kuma wani mugun maƙwabci mai suna Grendel da ke dukan Norn yana kuma ɗauke da cuta. Wasan yana da allon bincike da ke zana hawa da saukar kowane sinadari a jini, ta yadda mai wasa zai duba ya gano ko rashin kuzarin dabbarsa daga yunwa ne ko daga guba, kafin ya ba da magani. Creatures 2 na 1998 ya ƙara gaɓoɓin ciki, waɗanda kowannensu zai iya lalacewa shi kaɗai.

Duk waɗannan abubuwa, tsarin ƙwaƙwalwa da dokokin sinadarai da kamanni da ɗabi'un da ake haihuwar dabba da su, a rubuce suke a cikin ƙwayoyin gado sama da 300 a wasan farko, kuma wasu ba sa fara aiki sai dabbar ta balaga ko ta tsufa. Idan namiji da mace suka haɗu, ana yanko wani yanki daga zaren uwa, wani daga na uba, a haɗa sabon zare, kuma a wurin kwafar akan samu kuskure: wata ƙwaya ta sauya, ko ta ninku, ko ta ɓace. Daga nan ne 'yan wasa suka riƙa samun abin da masu tsara wasan ba su zana ba, kamar Norn da ba ya tsufa, ko wanda ya mutu yana fitowa daga ƙwai, ko zuriyar da ta fi sauran juriyar cuta. Masu kiwon tattabaru a zango sun san wannan jira, inda ake haɗa jinsi biyu ana fatan wani launi, ƙwai ya fashe a ga wani daban, sai dai a nan ana iya buɗe zaren gadon a duba inda sauyin ya faru. Wasu 'yan wasan ma sukan ƙyanƙyashe garke su janye hannu gaba ɗaya, su bar kwamfuta a kunne, su dawo su ga wace zuriya ce ta iya ciyar da kanta.

Dole a faɗi nauyinsa. Hotunansa na shekarun 1990 ne, kuma yaron da ya saba da launukan waya zai iya raina su a ranar farko. Bayanansa da Turanci suke, sannan yana buƙatar haƙuri mai yawa, domin Norn na iya tsayawa kusa da abinci yunwa na cinsa, ana kiransa yana kallon wani wuri. Creatures 2 ya fito da wata matsala sananniya, inda dabbobin kan rikice bayan kimanin sa'a guda na rayuwa, su daina ci da barci yadda ya kamata, kuma masu sha'awar wasan ne suka bi diddigin abin har cikin ƙwayoyin gado da sinadaran lada da horo, suka fitar da gyararrun zuriya. Wannan tarihi yana nuna zurfin wasan, amma dalili ne kuma na kada sabon shiga ya fara da na biyu. Na farko ya fi sauƙin fahimta, Creatures 3 na 1999 ya fi faɗi da daidaito, Docking Station na 2001 kuwa, wanda shi ma cikin jerin Creatures yake, kyauta aka sake shi, kuma da shi ya kamata a gwada ko yaro zai jure kafin a sayi sauran a Steam ko GOG, shagunan intanet da ke sayar da wasannin kwamfuta.

Akwai wani gurbi guda da Creatures bai cike ba, kuma yana da muhimmanci ga ɗalibin da ke shirin jarrabawar WASSCE. Zare ɗaya ne kowane Norn yake da shi, saboda haka babu ƙwayar gado mai rinjaye da mai ɓuya, alhali dokokin da Gregor Mendel ya wallafa a 1866, waɗanda ake tambaya a jarrabawa, a kan wannan suka ginu. Wasan da ya cike gurbin shi ne Niche, na kamfanin Stray Fawn Studio da ke Zurich ta Suwizalan, wanda ya fito cikakke a 2017, ya kuma isa Nintendo Switch a 2020. A cikinsa mai wasa yana jagorantar garken wasu dabbobi a kan tsibiri, kowace dabba tana da kwafi biyu na kowace ƙwayar gado, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, kuma ana ganin duka biyun a fili. Ƙaho da farce da launin gashi da ƙarfin gani da yawan haihuwa duk ta haka ake gadonsu. Dabba lafiyayya na iya ɗauke da lahani a ɓoye, sai ta haɗu da mai ɗauke da irinsa ya bayyana a jikin ɗa. Akwai kuma ƙwayoyin garkuwar jiki, waɗanda idan ɗa ya gaji iri ɗaya daga ɓangarorin biyu yakan zama mai saurin kamuwa da ciwo, abin da ke tilasta wa mai wasa ya nemo baƙin dabbobi ya shigo da su garke.

Wannan darasi ba na jarrabawa kaɗai ba ne a garinmu. A Gana, a Kumasi ne aka fara gwajin sikila ga jarirai sababbin haihuwa a 1995, a asibitin koyarwa na Komfo Anokye, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Kwaku Ohene-Frempong, kuma kimanin jarirai biyu cikin ɗari a Gana da wannan ciwo ake haihuwarsu. Idan miji da mata duka AS ne, wato kowannensu yana ɗauke da ƙwayar sikila ɗaya a ɓoye, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zama SS mai ciwon, biyu cikin huɗu AS, ɗaya cikin huɗu AA, kuma abin da ya fi wuyar shiga kan mutane shi ne cewa lissafin yana sabuntuwa a kowane ciki, haihuwar mai ciwo ɗaya ba ta kare na bayansa. Babu sikila a cikin Niche, amma dokar ita ce dai, kuma matashin da ya ga iyaye biyu lafiyayyu sun haifi ɗa mai lahani a garkensa, ya kuma gano dalili da kansa, zai fahimci abin da ya sa ake nacewa a kan gwajin jini kafin aure. Raunin Niche shi ne cewa da ƙyar za a kira shi wasan kiwo. Bi da bi ake taka shi, mai wasa ne ke motsa kowace dabba, ba su da ƙwaƙwalwar kansu, ba sa koyon komai, kuma idan aka janye hannu babu abin da ke motsi. A tambayar gado ya fi kowa tsabtar amsa, a tambayar abin da ke gudana a ciki kuwa Creatures ya yi masa nisa.

Wobbledogs na Tom Astle, wanda ya fito cikakke a 2022, ya bi wata hanya daban. Abincin da dabbar ta ci yana sauya ƙananan ƙwayoyin da ke cikin hanjinta, su kuma su yi tasiri a kan siffar da za ta fito da ita duk lokacin da ta shiga kwanso ta sake girma, har a samu mai ƙafafu da yawa ko mai fukafukai. Ana haɗa su su haihu, suna tsufa su mutu, kuma ana iya kashe mutuwar a saiti domin ƙananan yara. Yana da ban dariya kuma ya fi Creatures sauƙin shiga, amma iliminsa na ƙage ne fiye da na aji, sunan karnuka suke ɗauke da shi ko da yake siffarsu ta yi nesa da kare, kuma yana son kwamfuta mai ɗan ƙarfi.

Batun na'ura shi ne zai yanke wa gidaje da yawa hukunci. Creatures an yi shi ne domin kwamfutocin ƙarshen shekarun 1990, saboda haka tsohuwar laftof ta hannu irin wadda ake samu a shagunan Adum ta fi ƙarfinsa, kuma da zarar an sauke shi ana iya kiwo ba tare da intanet ba. Duniyarsa tana tsayawa idan an rufe wasan, don haka yaro zai je makarantar boko da safe, ya je Islamiyya da yamma, ya yi sallolinsa, ba tare da fargabar dabbarsa za ta mutu a bayansa ba, wanda a wannan fuska ya fi Tamagotchi dacewa da tsarin ranar yaron zango. Niche ma haka yake. Abin lura shi ne cewa Steam da GOG ba da sidi suke sa farashi ba, sai an samu katin banki mai aiki a intanet, kuma gara babba ya yi sayen da kansa da a ba yaro lambar kati. Ɗauke wuta kuma na iya lalata duniyar da aka daɗe ana ginawa idan kwamfutar tebur ce ko batirin laftof ya mutu, sai a saba da fitar da dabbobin da ake ji da su a ajiye kwafinsu a filas.

Mutuwa ma abin tunani ce kafin a zaɓa. A Creatures dabbar da yaro ya raɗa wa suna, ya koya mata magana, za ta tsufa ta mutu bayan wasu sa'o'i na wasa, kuma wasan yana da wurin rubuta mata kalmar tunawa. Ni ina ganin wannan alheri ne ga ɗan shekara goma sha biyu zuwa sama, musamman idan akwai babba kusa da zai yi masa bayani, amma ga ɗan shekara biyar nauyi ne da ba dole ba.

Saboda haka ga ƙaramin yaro da bai iya karatu sosai ba, Tamagotchi na ainihi ya fi wasannin waya idan aljihu zai ɗauka, da sharaɗin a bar shi a gida hannun Hajiya ko wata yaya a lokacin makaranta. Ɗalibin babbar sakandare da ke karanta kimiyya, ko mai burin shiga KNUST ya karanci likitanci ko aikin gona, Niche zai fi yi masa amfani kai tsaye, kuma zama kaɗan ya isa ya ga dokokin Mendel suna aiki a gabansa. Amma idan gida yana da tsohuwar kwamfuta guda da yaro mai yawan tambaya, ɗan ƙaramar sakandare ko sama, Creatures nake ba da shawara ba tare da jinkiri ba, domin shi kaɗai ne a cikinsu yake ba da damar a bi sakamako a koma har tushensa, daga hali zuwa ƙwaƙwalwa, daga ƙwaƙwalwa zuwa sinadari, daga sinadari zuwa ƙwayar gado. Wanda zai fara kada ya ƙyanƙyashe ƙwai da yawa lokaci guda. Ya fara da ɗaya, ya koya masa sunansa da kalmar ci da sunan abinci, ya tabbatar yana ci yana barci da kansa, sannan ya kawo masa abokiyar zama. Ya kuma kyautu a ce wani babba da ke jin Turanci ya zauna da yaron a zaman farko-farko, ya buɗe masa allon sinadarai, ya nuna masa layin yunwa yana sauka a daidai lokacin da dabbar ta ci abinci.